Asalin Kalma: Harka

Daga Larabci kalmar "harka" ta shigo mana, inda "haraka" ke nufin motsi. A bakin attajiran Koki da 'yan kasuwar Kurmi a Kano ta zama saye da sayarwa, har ake gaisawa da "yaya harkoki?" Wannan yawan amfanin ne, a ganina, ya sa ta dace da masu ɓoye sha'awarsu, domin kalmar da kowa ke furtawa ba ta jawo kunne. Rudolf Gaudio, a littafinsa na 2009 kan 'yan daudun Kano, ya nuna yadda maza masu neman maza ke kiran kansu "masu harka", zancensu na sirri kuma "yaren harka".

Wasu za su ce intanet ce ta kawo irin wannan rukuni na masu harka daga Turai. Ta dai sauƙaƙa haɗuwa, kowane da irin abin da ransa ke so, amma Gaudio ya ji kalmar tun shekarun 1990, kafin wayar salula ta wadatu, kafin ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000. Hisbah da dokar tarayya ta 2014 mai hana auren jinsi sun iske lulluɓin sirrin ne a wurinsa, sai suka ƙara masa kauri.