Kumburin Jijiyar Hannu: Ciwon da Askar Mai Magani Ta Haifa

A lanƙwasar gwiwar hannu, daidai inda ake ɗibar jini a asibiti, jijiyoyi biyu ne kwance, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama tana mayar da jini zuciya; ta ƙasa, mai harbawa, ita ke kawo shi da ƙarfi. Wani siririn tantani ne kawai ya raba su. Shekaru aru-aru likitoci da wanzaman Turai suna tsaga ta saman su zubar da jini, wai maganin zazzaɓi. In hannu ya ɗan zarce, aska ta huda ta ƙasan, bayan 'yan makonni sai ƙullutu ya taso yana bal-bal tare da bugun zuciya. Da yawa daga cikin irin wannan kumburi da magabata suka rubuta, garin neman gira ne aka rasa ido.

Tun ƙarni na 2 Galen ya bayyana alamarsa: kumburi mai harbawa, ka danna ya lafa, ka saki ya dawo. Wannan ke raba shi da ƙurji, don wanda ya yi masa sakiya zai ga jini na tsartuwa ba tsayawa. Antyllus, likitan fiɗa Bagirke na wancan zamanin, yakan ɗaure jijiya mai harbawa ta sama da ta ƙasan kumburin, ya tsaga jakarsa, ya kwashe gudajin jini. Az-Zahrawi na Ƙurɗuba ma ya yi bayanin ciwon a littafinsa At-Tasrif.

A 1710 Bafaranshe Dominique Anel ya ɗaure jijiyar dantse daf da saman kumburin, bai tsaga jakar ba, ta kuma saɓe da kanta. A 1757 William Hunter ya lura cewa wani lokacin aska kan haɗe jijiyoyin biyu, jini ya riƙa tsallakawa, har ka ji wurin yana gurnani ƙarƙashin yatsa. Sai dai ɗaurin jijiya caca ne: in ƙananan jijiyoyin gefe ba su ɗauki nauyin ba, hannu ya yi sanyi, ya ruɓe, a yanke.

A ganina gwarzon labarin shi ne Rudolph Matas na New Orleans a Amurka. A 1888 aka kawo masa wani saurayi da harbin bindiga ya bar wa kumburi a dantse. Ya ɗaure sama, ya ɗaure ƙasa, abu bai daina harbawa ba, kuma abin da ya rage shi ne yanke hannun. Sai ya buɗe jakar, ya nemo bakin kowace jijiya da ke zuba jini a ciki, ya ɗinke su ɗaya bayan ɗaya daga ciki. Saurayin ya tsira da hannunsa.

A 1907 Bajamushe Erich Lexer ya cire kumburi a hammata, ya cike giɓin da jijiyar da ya yanko daga ƙafar majiyyacin. Har gobe likitoci na yin wannan dashen.

Yau da na'urar sikanin ake fara duba ƙullutun, a ga faɗinsa da yadda jini ke kewayawa a ciki. In za a shiga tiyata, a ƙara da hoton siti. An daina tsagar zubar da jini tuni, amma allura ta gaji aska: siririn bututun da ake zurawa ta jijiyar hannu don binciken zuciya, da yawan sukar da masu wankin ƙoda ke sha, su ma kan bar ƙullutu mai harbawa.