Wa Ya Ba Ƙaryar Abigail Ƙarfi?

Masu nazarin wasan kwaikwayon Arthur Miller, The Crucible, na 1953, sun saba ɗora wa Abigail Williams alhakin duk abin da ya auku a garin Salem na Amurka, inda shari'ar maita ta 1692 ta kai ga rataye mutum 19. Wannan karatu, a ganina, ya taƙaita. Tun farkon wasan zargi gangarowa yake daga mai ƙarfi zuwa marar gata. Limamin coci Parris ya matsa wa Abigail don tsoron rasa kujerarsa, ita kuma ta jefa wa baiwarsa Tituba laifin, Tituba da ta ga bulala da igiya sai ta kama sunan Sarah Good, matalauciyar da ba ta da mai tsaya mata. Abin da ya ɗaure wa wannan gindi shi ne ƙa'idar kotun kanta: wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu ya tsira, wanda ya musa a rataye shi.

Ana iya cewa ai makircin Abigail da gangan ne, tunda ta soka wa kanta allura don a kama Elizabeth Proctor, ta samu mijin Elizabeth ɗin. Haka ne, kuma ban wanke ta ba. Amma ƙaryar yarinya 'yar shekara 17 ba ta isa ta kashe kowa ba sai da manya suka ga ribarsu a ciki. A cikin wasan, Giles Corey ya zargi Thomas Putnam da kwaɗayin gonar George Jacobs, wanda aka tuhuma da maita, alƙali Danforth kuwa ya ƙi ɗage rataya don kada a ce waɗanda aka riga aka kashe an zalunce su.

Mai karatu a Maradun ko Bakura ya san irin wannan tarko. Yaro na cikin zafin zazzaɓi, a turara masa magani, ya ambaci wata tsohuwa, a ce ta kama kurwarsa, sai ta zo ta tsallake shi. In ta ƙi, an ce mayya ce. In ta tsallake ya warke, magana ta tabbata, har jikokinta su rasa masu aurensu. Yaron da ke sambatu bai shirya wannan hukunci ba. Boka da dattawan da suka mai da sambatun hujja su suka shirya shi.