Daga Haraji Zuwa Tallafi: Tarihin Kuɗin Hukuma a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Duk ƙarshen shekara, idan Gwamna ya kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Dokokin Jihar Kebbi, nakan zauna da rediyona in saurari abin da aka ware wa hanyoyi da makarantu da asibitoci. Nakan kuma saurari abin da mutanen zaurenmu za su ce. Abin da na lura shi ne, babu mai tambayar inda kuɗin za su fito, kowa tambayarsa ita ce me za a raba. Ni da na ƙare aikina a ofishin baitulmali, wannan ya daɗe yana damuna, domin a zamanin iyayenmu tambayar ba haka take ba. Su sun san inda kuɗin hukuma ke fitowa, saboda daga aljihunsu suke fita. Wannan juyi ne nake son in bi tarihinsa a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda dukansu ke cikin Masarautar Gwandu.

Tun kafin jihadi haraji abin ƙorafi ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali cikin abubuwan da yake zargin sarakunan Haɓe da ɗora wa jama'a ba bisa shari'a ba. Bayan kafuwar daula sai aka mayar da hankali ga zakka da kuɗin ƙasa da abin da ake samu a kasuwanni da mashigan ruwa. A nan ne Jega ta samu matsayinta. Malam Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ne ya kafa garin a wajejen 1820, da yardar Malam Abdullahi na Gwandu, bayan rikicin da ya ci mahaifinsa a 1818. Da yake garin yana bakin Gulbin Zamfara, kuma kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, bai daɗe ba kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Inda ayari ke sauka kuwa, nan kuɗin fito da na kasuwa suke. Saboda haka tun asali Jega gari ne mai ciyar da hukuma.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun tarar da haraji iri-iri, kowane da mai karɓarsa. Da dokar kuɗin shiga ta 1906 suka fara haɗe su wuri ɗaya, har aka wayi gari saura biyu manya, wato haraji a kan magidanci da jangali a kan shanu. Sun ɗan taɓa karɓar kuɗin fito daga ayarin fatake da kansu, amma suka soke shi a 1907. Daga wajejen 1911 aka kakkafa baitulmali a masarautu, aka yanka wa sarki da hakimai da alkalai albashi. Da farko raba kuɗin ake yi biyu, rabi na Gwamna rabi na En'e, daga baya kason En'e ya ƙaru. Wani abu da ya fi komai canza rayuwar talaka shi ne tilasta biya da kuɗin Bature, ba da wuri ko dame ko ƙyalle ba. Wannan ne ya tura mutane noman auduga da gyaɗa, ya kuma ƙara yawan masu cin rani, har Lardin Sakkwato ya yi suna wajen tura samari Kurmi da Gwanja neman abin biyan haraji.

Ƙarshen wannan zamani na riske shi ina yaro. Da kaka ta yi, sai malamin haraji ya iso da littafinsa, ya zauna ƙofar gidan dagaci. Mai unguwa ya san kowane gida, ya san yaron da ya isa a rubuta shi da tsohon da ya kamata a cire. Hakimi ya faɗi abin da aka yanka wa gari, dagaci ya rarraba. Wanda ya biya a ba shi rasit, ya naɗe ya sa cikin gafaka ko ƙarƙashin hula, domin ko kasuwa za ka ana iya tare ka a ce ka nuna. Ina tuna shekarar da gero bai yi ba, mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya ja akuyar mahaifiyarmu zuwa kasuwar Jega, ya dawo da rasit da ɗan gishiri. Ranar ba wanda ya yi magana a gidan har aka kwanta. Na kuma ga an shanya dattijo a rana saboda ya kasa biya, a wani gari da ba zan ambata ba. Jangali kuwa da damina ake karɓarsa, lokacin da shanu ke mashekari, kuma labarin yadda Fulani ke ɓoye rabin garke cikin daji kafin masu ƙidaya su iso, kowa ya san shi. Duk wanda ya ce maka zamanin haraji zamanin daɗi ne, to bai biya ba.

Sai dai akwai ɗaya gefen, wanda matasa ba su sani ba. En'e ta Gwandu tana da kasafinta na shekara, wanda ke farawa ran 1 ga Afrilu, kuma ba a kashe sisi sai an nuna kan da aka rubuta shi. Daga wannan kuɗi ake biyan malaman elemantare da malaman shan magani da 'yan doka da masu duba gari, da shi ake gina rijiyoyin siminti da rumfunan kasuwa. Idan hakimi ko dagaci ya taɓa kuɗin haraji, rawaninsa na iya tafiya. Talaka kuma yana da bakin magana. Na sha jin dattawa suna ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, mun biya, ina rijiyarmu?" Ba a cika ba su amsa mai daɗi ba, amma tambayar tana da tushe, kuma wanda aka yi wa ita ya san tana da shi. A kan wannan haushi ne jam'iyyar NEPU ta gina yawancin farfagandarta a shekarun 1950.

Abin da ya rushe wannan tsari ba abu ɗaya ba ne. Bayan ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967, an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗin kanta, ya kuma sa ƙananan hukumomi cikin masu samun kaso daga Tarayya, daidai lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna, dukansu 'yan PRP, suka soke haraji da jangali, kuma da yake ba gwamnan da ke son a ce shi ne mai matsa wa talaka, mafi yawan jihohin Arewa suka bi sahu. An yi murna ƙwarai, kuma murnar tana da dalili.

A wannan tsakani na kama aiki. Da soja suka dawo a ƙarshen 1983 aljihun gwamnati ya riga ya bushe, sai aka sake waiwayar talaka da sunan kuɗin raya ƙasa. Ina cikin waɗanda aka tura ƙauyuka da littafin rasit. A wani ƙauye wani tsoho ya ƙirga kuɗinsa ya miƙo mini, sa'an nan ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, da can mun san wanda muke ba, mun san ƙofar gidansa. Kai wa za ka kai wa?" Na ce masa ofis zan kai. Ya ce, "To, ka gai da ofis." Na yi dariya a lokacin, amma har na yi ritaya ban samu amsar da ta fi wadda na ba shi ba.

Ran 27 ga Agusta 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, a 1996 kuma Aliero ta samu ƙaramar hukumarta, jihar ta cika ƙananan hukumomi 21. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, tsarin mulki ya ɗora wa Majalisar Dokoki, mai mambobi 24, alhakin amincewa da duk abin da za a kashe daga asusun jiha. Jega da Aliero da Maiyama kowace tana da wakilinta a ciki. A takarda tsarin ya fi na En'e nesa ba kusa ba: Gwamna ya gabatar, kwamitoci su kira ma'aikatu su kare abin da suka nema, Majalisa ta zartar, Gwamna ya sa hannu. Amma mafi yawan kuɗin da ake wannan muhawara a kansu daga Abuja suke zuwa. Bisa rabon da aka fara aiki da shi a 2004, Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kason ƙananan hukumomin ma sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, abin da aka yi ta jayayya a kansa a duk faɗin ƙasar nan har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura musu kai tsaye.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa talaka ya daina biya. Doka mai lamba 21 ta 1998 ta bar wa ƙananan hukumomi kuɗin rumfar kasuwa da na tasha da na mahauta da na kwalekwale da amalanke, har da harajin shanu, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. Manomin albasa na Aliero, wanda buhunansa ke tafiya har Legas da Fatakwal, ya fi kowa sanin yawan rasit ɗin da mota ke tarawa kafin ta isa, duk da wannan hani. Ga kuma harajin kayan masarufi da aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020. Mutumin Andarai ko Mungadi yana biyansa duk lokacin da ya sa katin waya ko ya sayi buhun siminti, amma ba ya ganin malamin haraji, ba ya riƙe rasit, saboda haka bai san ya biya ba. Wanda bai san ya biya ba kuwa, duk abin da aka yi masa sai ya ɗauke shi kyauta.

Ba na musun cewa kuɗin sama sun yi aikin da harajin En'e ba zai taɓa iya yi ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, ko an haɗa akuyoyin gundumar duka ba za su gina ta ba. Haka kwalejin koyon aikin lafiya ta Jega, da hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka da babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri. Shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, ya sa fadamun Gulbin Zamfara sun cika da injinan ban ruwa, ko da yake da yawa sun ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, maganar biya ta zama rigima. Wannan ma reshe ne na abin da nake faɗi.

Game da taimakon jama'a kuwa, a da ba hukuma ce farkon wurin zuwa ba. Akwai zakkar hatsi da ake fitarwa tun a masussuka, akwai gayya, akwai rumbun tsimi da magidanci ba ya buɗewa sai ranar baƙin ciki. A farin 1973 na ga an kawo hatsin agaji, amma kafin ya iso, maƙwabta ne suka riƙe juna. Bayan ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar fadamu ana gab da girbi, da kuma bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lokacin da Tarayya ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha, kalmar tallafi ta shiga bakin kowa har yara. Buƙatar gaskiya ce, kuma duk buhun da ya isa gidan marayu ya yi amfani. Abin da na gani da idona shi ne yadda ake jiran a rubuta suna. Da can mutum gudun littafin mai unguwa yake yi, har ya kwana a daji. Yanzu shi ke bin mai unguwa har gida yana roƙon a sa shi a ciki.

A watan Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairu 2026, kuma a cikinsu an ɗaga kason jihohi na harajin kayan masarufi daga kashi 50 zuwa 55. Da aka yi ta muhawara a kansu, gwamnonin Arewa da sarakuna da malamai duk sun yi magana, kuma a karon farko cikin shekaru masu yawa na ji ana gardamar haraji a zaurenmu. Wani ƙanena mai sayar da albasa ya tambaye ni ko kasafin jiha abu ne da mutum irinsa zai iya gani. Na ce masa doka ce kamar kowace doka, ana buga ta, kuma wakilinsa yana da kwafi. Ya ce idan ɗan majalisar ya zo gida da salla zai je ya tambaye shi nawa aka rubuta wa hanyar gonarsu. Na ɗauko rasit ɗin mahaifinmu da na adana cikin wani tsohon littafi, na ba shi ya duba. Tawadar ta kusa gogewa, amma sunan gari da hatimi suna nan.