Yadda Ƙwaya Ta Koya Wa Magana Taƙaitawa

Har tsakiyar ƙarni na 20, mai hali a Amurka in ciwon damuwa ko fargaba ya kama shi, a kan doguwar kujera ake kwantar da shi, bisa tsarin Sigmund Freud. Sau huɗu ko biyar a mako, shekara da shekaru, yana tonon yarintarsa, likita na zaune ta bayan kansa yana saurare.

Sai ga ƙwaya. A 1957 Roland Kuhn, likitan ƙwaƙwalwa a Suwizalan, ya bayyana abin da ya gani da imipramine. An gwada maganin a kan masu taɓin hankali bai yi ba, amma waɗanda baƙin ciki ya kwantar suka soma tashi suna hira cikin 'yan makonni. Baki na bushewa, jiri na ɗibar mutum, duk da haka sauƙi na samuwa. Valium ya biyo baya a 1963 don fargaba, daga baya aka gane yana kama jiki.

Ni a ganina gasar nan ce ta gyara masu magani da baki. Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania, wanda shi ma tsarin Freud ya koya, ya bar tonon yarinta ya koma kan tunanin yau. Maras lafiya zai tafi gida da takarda, ya rubuta abin da zuciya ta raya masa: "Ba ni da amfani." In ya dawo a tambaye shi hujja, a bi ta ɗaya bayan ɗaya. A 1977 Beck da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 41, mako 12 kacal, magana ta ɗara imipramine. Masu suka suka ce an janye ƙwayar da wuri, gardama ta ci gaba har maganin Prozac ya samu izini a 1987.

Binciken da ya biyo baya ya raba gardamar: a matsakaicin ciwo kusan kunnen doki ne, wanda ya koyi dabarun bai cika komawa ruwa ba kamar wanda ya daina ƙwaya, in ciwo ya tsananta kuma haɗa su ya fi.

Babbar ribar taƙaitawa ita ce ana iya koyar da ita. Ingila ta buɗe shirin ƙasa na magani da baki a 2008. A Harare kuwa Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata, suna zama da mutum sau shida a kan benci a harabar asibiti, aikin da dā sai mai digiri.