Yarinya Ɗaya, Muryoyi Da Yawa: Nazarin Wani Giɓi a Littattafan Matasa

Matasan Ɗambatta sun daɗe suna karatun littattafan hikaya. Iyayensu mata sun yi hayar littattafan adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa tun tsakiyar shekarun 1980, su kuma yau a WhatsApp da Wattpad suke bin labari shafi-shafi. A cikin labaran nan akwai wata yarinya da mai karatu ya saba haɗuwa da ita: muryarta ta sauya, ta ambaci sunan da ba nata ba, ta farfaɗo ba ta tuna komai. A gida sai a ce mutanenta sun tashi.

Masana tunanin ɗan Adam sun san wata larura mai kama da wannan, inda mutum ɗaya yake rayuwa da halaye biyu ko fiye, tare da mantuwar da ta wuce ta yau da kullum. Kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka na 2013 ya yarda cewa a wasu al'ummu larurar kan bayyana da siffar shigar iska, amma ya ware abin da al'ada ko addini suka amince da shi, kamar hawan bori a wurin 'yan girka. Yawancin masu ita, in ji likitoci, sun sha azaba mai maimaituwa tun suna ƙanana: duka, cin zarafi, wofintarwa. Akwai masanan da ke jayayya da hakan, musamman bayan marubuciya Debbie Nathan ta tona raunin Sybil, shahararren littafi kan wata da aka ce tana da larurar, a 2011.

Ba ina cewa marubuci ya musanta aljanu ba. Sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. Damuwata tana kan ginin labari. Sau da yawa daga waje ake kallon yarinyar: ta idon uwa, ko saurayi, ko malamin ruƙiyya. Ƙololuwar labarin ita ce ranar da aljani ya yi magana, ya faɗi wanda ya turo shi, galibi kishiyar uwa, ya yi alkawari ya fita. Sai biki. Laifi ya tafi kan sihiri, don haka babu wanda ya tambayi abin da ya same ta tana shekara shida a gidan riƙo, ko a yawon talla ranar kasuwa. Kunya ta rufe tambayar a gida, labari kuma ya taya ta rufewa.

Abin da ya fi wahalar rubutawa shi ne zaman yau da gobe. Ɗalibar da ta buɗe littafinta ta ga rubutun da ba ta san ta yi ba. Wadda aka kira maƙaryaciya saboda ta musa maganar da ta faɗa jiya. Irin wannan labari yana buƙatar ita yarinyar ta ba da shi da bakinta, da guraben da ta manta a bar su a buɗe, mai karatu ya ruɗe tare da ita.

Akwai kuma tafiyar neman magani, wadda ita kanta labari ce. Iyali daga ƙauyen Ɗambatta kan fara da rubutun sha da hayaƙi, sai abu ya gagara a nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, sunan da mutane ke tsoron a jingina wa 'yarsu saboda maganar aure. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci, amma sauƙin wannan larura yakan ɗauki shekaru na zama da likita ana tattaunawa.