Inci 44 a Minti Guda

Duk sanda aka zo tarihin motar Ford, an fi ambaton Henry Ford da dukiyarsa. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani dogon teburi a masana'antarsa ta Highland Park, kusa da birnin Detroit a Amurka, cikin shekarar 1913.

A kan teburin nan ake harhaɗa magneto, wato na'urar da ke ba injin motar Model T wuta. Da can mutum ɗaya ne ke haɗa ta daga farko har ƙarshe, cikin minti 20. Sai injiniyoyi suka yanyanka aikin gida 29, suka jera ma'aikata, kowa ya yi ɗan nasa ya tura gaba. Lokacin ya sauko zuwa minti 13 da daƙiƙa 10. Dabarar ma aro ce, domin Ford da kansa ya ce a mayankar Chicago suka gano ta, inda ake rataye sa yana tafiya, kowane mahauci na cire rabonsa.

To, a nan wahalar take. Layi irin wannan ba ya wuce saurin wanda aikinsa ya fi cin lokaci. In an ba wani aikin minti biyu, na gabansa kuma na minti ɗaya, kaya za su taru a wuri guda, na gaba kuwa ya harɗe hannu yana jira. Dole a auna kowane aiki da agogo, a rage wa wannan a ƙara wa wancan, ba tare da an saɓa tsari ba, tunda ba a ɗaure noti kafin a sa ƙusa. A 1914 suka ɗaga teburin da inci 8 don a daina sunkuyo, lokaci ya koma minti 7. Da aka sa sarƙa tana jan kayan, suka gwada inci 60 a minti, ya yi sauri. Suka gwada 18, ya yi nawa. Suka tsaya a 44. Magneto ta koma minti 5. Duk da lalube aka yi wannan, sai a 1955 wani masani, M. E. Salveson, ya rubuta matsalar a lissafe.

Haɗa gangar motar kanta ya sauko daga kusan awa 12 da rabi zuwa awa 1 da minti 33.

Amma fa a ganina ɗan jiran nan da injiniya ke kira asara, shi ne numfashin lebura. Da aka toshe shi, mutane suka riƙa gudu. A 1913 sai da kamfanin ya ɗauki sama da mutum 50,000 kafin ya iya riƙe kimanin 14,000 a bakin aiki. Cikin Janairun 1914 Ford ya mayar da ladan yini dala 5, wajen ninki biyu ke nan, ya kuma rage awannin aiki daga 9 zuwa 8. Saurin aikin kuwa bai sassauta ba.