Agogo Ɗaya, Kalanda Biyu: Tarihin Ranakun Hutu Tsakanin Ƙwanni Da Sakkwato

Tsakanin Birnin Ƙwanni da Illelar Amarawa ta jihar Sakkwato 'yan kilomitoci ne kawai. Harshe ɗaya ne, agogo ɗaya ne, ana auratayya, ana cin kasuwar juna. Amma idan ka ɗauko kalandar da ke rataye a ofishin daraktan makaranta a Ƙwanni, ka jera ta da wadda ke ofishin hedimasta a Illela, za ka ga jajayen ranakunsu sun sha bamban. Ina ganin ya kamata mu malamai da iyaye mu san asalin wannan bambanci, domin shi ke sa yaro ya rasa darasi, ko a sa ranar biki rabin dangi su kasa zuwa.

Kafin zuwan Turawa, abubuwa uku ne suke raba wa mutanen Ƙwanni da Adar lokaci. Na farko wata, wanda ke kawo azumi, sallolin nan biyu da Mauludi. Na biyu damina da kaka: idan ruwan shuka ya sauka, babu mai jiran sanarwar kowa kafin ya ɗauki kwandon iri. Na uku ranakun kasuwa, waɗanda har yau ake sa alkawari da su, kamar Larabar Ƙwanni da Lahadin Illelar Amarawa. Makarantar allo ma tana da hutunta na mako, Alhamis da Juma'a. A wancan zamani fataken da suka tashi daga Illelar Adar, mazaunin Sarkin Adar, suka nufi Sakkwato, lissafin kwanakinsu ɗaya ne da na masu masaukinsu.

Iyaka ce ta kawo kalanda ta huɗu. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙwanni kuwa ta faɗa ciki, wato a rabon Ingila. Hakan bai hana rundunar Voulet da Chanoine ƙone garin a watan Mayu na 1899 ba. Faransawa sun ga cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, sai suka nemi gyara. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka matsar da layin kudu, Ƙwanni ta koma hannun Faransa, aka kuma kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Daga nan yaron da ke lakwal a arewacin layin ya riƙa bikin 14 ga Yuli, ranar juyin juya halin Faransa, ɗan'uwansa na kudu kuma yana fareti ranar 24 ga Mayu, ranar daular Ingila. Hutun Lahadi, Kirsimeti, Ista da 1 ga Janairu duk ta wannan ƙofa suka shigo ofisoshi da makarantu.

Samun 'yanci ya sauya ranakun, amma bai haɗe su ba. Nijar ta ɗauki 18 ga Disamba, ranar da aka kafa jamhuriya a 1958, da 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai a 1960. Najeriya ta ɗauki 1 ga Oktoba. Tun 1975, a zamanin Seyni Kountché, 3 ga Agusta ta zama kuma ranar dashen itatuwa, bayan farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970. Ranar ta dace, don tsakiyar damina ce. Sai 24 ga Afrilu, ranar haɗin kan 'yan ƙasa, wadda ke tuna yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa hannu a Yamai a 1995 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen arewa. Jihar Tawa na cikin yankunan da wancan rikici ya taɓa, don haka ranar ta shafe mu kai tsaye. A 2024 hukumomin soja suka ƙara 26 ga Yuli. A Najeriya kuma ranar dimokuraɗiyya ta tashi daga 29 ga Mayu ta koma 12 ga Yuni, bisa shawarar da Shugaba Buhari ya sanar a 2018, don tunawa da zaɓen 1993 da aka soke. Kowace gwamnati tana rubuta abin da take so a tuna a jikin kalanda, kuma tana iya gogewa. Shi ya sa kalandar bara ba lallai ta yi aiki bana ba.

Wani bambancin yana cikin tsarin mulki. A Nijar hutu daga Yamai yake fitowa, ya game ƙasa baki ɗaya. A Najeriya gwamnan jiha na iya ba da nasa, kamar yadda Sakkwato kan yi a ranar 1 ga Muharram. Duk da haka ko a Nijar nauyin rana bai zama ɗaya a ko'ina ba. Da aka riƙa zagayawa da bikin 18 ga Disamba jiha-jiha, Tawa ta karɓi nata a 2017 da sunan Tahoua Sakola, kuma wanda ya nemi mota ko masauki a wancan mako ya san bambanci. Haka gasar kokowa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975: babu ita a jerin hutun hukuma, amma malamin da ya sa jarrabawa ranar karon ƙarshe ya san hankalin yara yana wajen rediyo.

Inda abin ya fi taɓa gidaje shi ne Sallah. Wata ɗaya ake duba, amma masu sanarwa biyu ne: a Najeriya Sarkin Musulmi daga Sakkwato, a Nijar Majalisar Musulunci ta ƙasa daga Yamai. Sau da yawa suna dacewa, wani lokaci kuma a samu ratar kwana guda. A 2024 Nijar ta yi ƙaramar Sallah ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya ta yi Laraba 10 ga wata. Ranar Talatar nan mutanen Ƙwanni suna cin tuwon Sallah, 'yan'uwansu a Illelar Amarawa suna cika azumi na talatin. Hukuncin wannan na malaman fiƙihu ne. Abin da ya shafe mu shi ne matar da ke aure a ƙetaren iyaka, da ɗalibin da ke karatu a Sakkwato iyayensa suna Malbaza, su bar wa tafiyarsu sararin kwana ɗaya ko biyu.

Ga kuma tafiyar watan kansa. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, sai bayan shekara 33 take zagayowa inda ta tashi. Mu da muka yi azumin damina a shekarun 2010 yanzu muna ganin ya nufo sanyin hunturu, babbar Sallah kuma tana sauka a ƙarshen bazara, dab da jarrabawar BEPC a nan da ta WAEC a can, daidai lokacin da manomi ke sauraren ruwan shuka. Kuɗin rago, kuɗin iri da kuɗin jarrabawa sun haɗu a wata guda. Uban da bai hango wannan tun daga kaka ba, shi ne za a ce Sallah ta wuce ta bar shi da bashi.

Makarantun ma ba tare suke buɗewa ba. A Nijar ana komawa a farkon Oktoba, a rufe wajen ƙarshen Yuni. A Najeriya ana komawa a Satumba, a rufe a Yuli. Yaron da ya je hutu wajen kakanninsa a ƙetare yakan tarar da tsaransa suna aji. Wani lokaci kuma abin da ba ya cikin kalanda ne ke yanke hukunci. Ambaliyar 2024 ta sa aka ɗage komawa makaranta a Nijar zuwa 28 ga Oktoba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris na 2024. Masu albasar Galmi da direbobin da ke ɗaukar simintin Malbaza sun san abin da kwana ɗaya a bakin iyaka yake ci, balle watanni.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce, a makon farko na shekarar karatu a liƙa takarda ɗaya a bangon aji mai layi huɗu: hutun Nijar, hutun Najeriya, kirdadon watannin Musulunci, da ranakun kasuwar yankin. A guji sa jarrabawa ko taron iyaye a kwana biyun da ke gaban kowace Sallah da biyun da ke bayanta. Idan ranar hutu ta gabato, a ɗauki minti goma a faɗa wa yara dalilinta, don yaron da ya san me ya faru a 1899, 1958 da 1995 ya samu darasin tarihin garinsu kyauta. Iyaye kuma, kafin a tsayar da ranar ɗaurin aure ko tafiya, a buga waya ƙetare a tambayi yadda tasu kalandar take. Ba a fafe gora ranar tafiya.